Ɗigo Uku a Hannun Birki

Abin da ya karya ƙafar Dogo bai fi tsawon cokali ba. Hannun birki ne, ɗan ƙarfen nan da mai babur ke matsawa da yatsun dama idan zai tsaya. Dogo yana cikin masu hayar babur na tashar bakin kasuwa, shekararsa tara yana tuƙi ko akuya bai taɓa bugewa ba. Ran nan da hantsi ya gangaro daga tudu, wata motar kaya ta sha gabansa, ya matse birki, sai ƙarfen ya ɓalle masa a hannu, ɓas, kamar busasshen kara. Aka kwashe shi da karaya biyu. Allah ya taimaka bai ɗauko kowa ba.

Kafin rana ta raba, guntayen sun iso tasha suna yawo hannu zuwa hannu. Cikin ƙarfen duk ramuka ne, toka-toka, ko wanda bai san ƙarfe ba ya san wannan na banza ne. A gindinsa kuma ga ɗigo uku a jere.

To, nan fa ake yin ta. Duk tashar babu wanda bai san ɗigon nan ba. Bakaniken da ke da rumfa a gefen tasha, duk abin da ya ɗaura wa babur sai ya ɗora masa ƙusa ya buga guduma sau uku, wai don gobe kada a kawo masa aikin wani a ce nasa ne. Har sunansa na gaskiya ya ɓace, kowa Ɗigo Uku yake ce masa. Shekara goma sha biyu yana cin abinci da ɗigon nan.

Nan take kowa ya duba nasa babur. Aka sami wasu hannayen birki huɗu irin na Dogo, kowanne da ɗigonsa uku. Masu su suka kwance su, suka haɗa da guntayen, suka je suka watsa wa bakanike a ƙofar rumfa. Wani mai zafin kai har ya ɗauko galan ɗin fetur. Ciyaman na ƙungiya ne ya tsayar da su, wani ƙaton mutum mai son a ji muryarsa, wanda kuma shi ke da wurin wankin babura na bayan tasha. Ya ƙwanƙwasa tebur da ƙaton zoben ƙarfen da ke yatsansa na tsakiya, yadda ya saba in yana so a yi shiru.

"Mu ba mahaukata ba ne," in ji shi. "Ba ƙone-ƙone, kuma ba sai an kai ga hukuma ba, a cikin gida za mu gama. Kwana uku muka ba shi. Ya kwashe komatsansa ya bar mana garin ma gaba ɗaya, in ba haka ba mu sauke rumfar da hannunmu."

*

Tsohon da ake kira Mai Sawu yana tsugune yana ɗaure kejin zabinsa lokacin da 'yarsa ta faɗo gidan ko sallamar kirki babu. Ita ce matar Ɗigo Uku. Shi kuwa tsoho shekara talatin ya yi yana bin sawun ɓarayin shanu, kafin gwiwoyinsa su ce sun gaji. Babur dai bai taɓa hawa ba, kuma ya rantse ba zai hau ba. Cewa yake abin da ba ya iya tsayawa da ƙafarsa sai an tokare shi, ba zai ba shi amanar ƙashinsa ba.

"Baba, za su binne mana baban yara da ransa," ta ce, ta zayyana masa komai tana share hawaye da gefen mayafi. "Wallahi bai yi ba. Mutumin da in noti ɗaya ya rage a hannunsa sai ya bi mai babur har gida?"

"Ke, ni sawun dabba na sani, da na mutum. Ƙarfe ƙafa gare shi?"

"Ba kai ka ce mana duk abin da ya taɓa ƙasa ya bar magana ba?"

"Na faɗa. Ai bakin nan nawa shi zai kashe ni."

Ya yi ta mita, ya ce shi ba ɗan sanda ba ne, ya ce zabinsa za su fice. Amma yana mitar yana neman hularsa. Gaskiyar magana, yana son surukin nan nasa, bai dai taɓa faɗa ba.

*

Rumfar shiru, ba babur ko ɗaya. Ɗigo Uku na zaune a kan tsohuwar taya, ya haɗa kai da gwiwa. Da ya hango surukinsa sai ya zabura, ya durƙusa har ƙasa, ya gaishe shi bai ɗago ido ba.

Mai Sawu ya amsa yana kallon ƙasa, don shi ko gidan biki ya shiga ƙasa yake fara dubawa. Ya tsince ƙarafunan da aka watsar. Can gefen kwata ya ga wata doguwar ƙusa mai sheƙi don yawan riƙo, ya ɗauke ta ita ma ya jefa aljihu.

Ya jera hannayen birkin biyar a kan benci, na Dogo ya haɗa guntayensa. Ya daɗe yana shafa su da babban yatsa.

"Kawo min wani abin da ka buga wa ɗigon nan naka."

Bakanike ya kawo masa tarkace cikin kwano. Tsoho ya duba ɗaya bayan ɗaya. A wani ɗigon sun matsu, a wani sun ware, a wani guduma ta yi nauyi ramin ya zurfafa. Bakin kowane rami da kaifinsa, yana kama fatar yatsa. Ya koma kan biyar ɗin nan. A dukkansu ɗigo na uku ya ɗan zame ƙasa, zamewa iri ɗaya, kuma ramukan a dakushe suke. Ban da haka, a tsakiyar kowanne, inda yatsu ke kamawa, akwai wani ɗan kwarmi mai faɗin ƙwayar wake, wuri ɗaya, zurfi ɗaya.

"Saniya in ta taka sau biyar, sawu biyar za ka gani, kowanne da ɗan bambancinsa," in ji tsoho. "Wannan taku ɗaya ne aka maimaita. Kai hannunka inji ne?"

"A'a, Baba."

"To ba kai ka buga waɗannan ba."

Ɗigo Uku ya ɗago kai karon farko, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. "Na gaya musu, ba wanda ya saurare ni. Na ma yar da ƙusar. Ko na fita daga wannan, ba zan ƙara sa wa ƙarfe alama ba."

"Kada ka yi murna tukuna. Sanin ba saniyarka ba ce ta ci gonar bai isa ba, sai ka nuna wadda ta ci."

*

Ya fara da mai shagon kayan gyara, wanda ake ce wa Mai Kwali, don a wurinsa bakanike ke sayen komai. Yana hango tsoho da ƙarafuna a leda sai ya diririce, ya tura wani abu ƙarƙashin kanta da ƙafa, gumi na tsattsafo masa.

Zuciyar Mai Sawu ta ce, to ga biri ya yi kama da mutum.

"Me ka ɓoye?"

"Ba komai, Baba."

"Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as. Fito da shi, ko in kira 'yan tasha su fito maka da shi."

Mai Kwali ya duba hagu ya duba dama, ya sunkuya, ya ɗauko wata kwalba ya ajiye a hankali. Maganin sanƙo ne. Ya ɗan ɗaga hula, ga kai yana ƙyalli da maiƙo.

"Don Allah Baba ka rufa min asiri. In 'yan tashar nan suka ji, na shiga uku da tsiya."

Tsoho ya yi dariya har da tari. Da kunya ta saki Mai Kwali, sai ga shi mutum ne da ya san sana'arsa. Ya ɗauko sabon hannun birki daga kwali, ya jefa shi a siminti, ya yi ƙara, ƙil, mai daɗin ji. Ya jefa na bogin, ya yi tim kamar an yar da ɗanyen ƙashi. Ya zura tsinke a ramin da noti ke shiga, ya karkaɗe a tafin hannu.

"Ka gani? Yashi. Kamfani ba ya barin yashi a kayansa. Wannan ba jirgi ya kawo shi ba, Baba, a garin nan aka haife shi. Je ka wurin masu zubin tukwane."

*

Masu zubin tukwanen dalma a bayan kasuwa suke, inda hayaƙi ba ya ɗaukewa. Babbansu wani ƙanƙanin dattijo ne mai tabon ƙuna a duka hannu biyu. Da ya ji abin da ya kawo baƙo sai ya ɓata rai.

"Wato ni ka zo tuhuma?"

"Tambaya na zo yi. Ni jahili ne a nan, koya min."

Wannan ta sanyaya shi. Ya jawo akwatin katako mai buɗewa biyu, ya cika rabi da jar ƙasa mai danshi, ya danna ludayi a ciki, ya rufe da ɗaya rabin ya daddanƙare. Da ya buɗe ya zare ludayin, sai ga siffarsa kwance a ƙasa, har da 'yar tsagar da ke bakinsa.

Mai Sawu ya matso ya leƙa, daɗi ya kama shi. Wannan ai sawu ne! Abin da ya yi shekara talatin yana karantawa ne, sai dai a nan ana cika shi da narkakken ƙarfe.

"Wanda aka danna shi muke ce wa uwa," in ji mai tukwane. "Abin da aka zuba kuma 'ya'ya. Ɗa ba ya barin komai na uwarsa, ko ƙwarzanen farce ne sai ya ɗauko. Ɗigon nan da kwarmin nan duk a jikin uwa suke. Kuma ɗa kullum yakan ɗan gaza uwa, kamar kaurin farce, don ƙarfe in ya huce yana tsukewa."

"Cikinku wa ya zuba?"

Dattijo ya kai guntun ƙarfen hanci, ya shinshina, ya yi tsaki.

"Ba ɗanmu ba ne. Mu da ruwa muke kwaɓa ƙasa, ja ce. Wannan da baƙin man inji aka kwaɓa, ji warin. Ya narka gwangwanaye bai kwashe dattin da ke tasowa ba, bai huda wa iska hanyar fita ba, shi ya sa cikin ya zama soso. Ya leƙa ya ga ana yi ne, bai zauna ya koya ba. Ni ko murfin tukunya ba zan sayar da irin wannan ba, balle abin da mutum zai rataya ransa a kai."

A hanyar komawa murnar tsoho ta koma ciki. Baƙin man inji! Wa ya fi bakanike tara shi? Da idonsa ya ga duro guda a bayan rumfar surukinsa. Kuma uwar da aka danna, da ɗigon surukin nasa take. Ranar bai iya cin abincin kirki ba, ya yi ta tunanin fuskar 'yarsa in ya zo mata da abin da ba ta so.

*

Kashegari ya je tasha ya zauna a bencin mai shayi. Ba wanda ya kula shi, wasu ma harararsa suke yi, sun san surukin wa ne. Shi kuwa ya zuba wa babura ido yadda yake zuba wa garke. Ba ya neman komai, jira yake abin da bai dace da sauran ba ya nuna kansa.

Babura huɗun da aka kwance wa hannun birki suna jingine gefe guda. Sai sheƙi suke yi, ko ƙura babu a ƙafafunsu. Can ƙarshen layi kuma ga wani da laka ta rufe, har ba a gane launinsa. Mai shi na kwance a kai yana sakace.

"Samari, yaushe rabon babur ɗin nan da ruwa?"

Tasha ta kwashe da dariya. Wani ya ce, "Ai Ƙazami ke nan, Baba. Shi da babur ɗin sun yi alkawari, sai dai ruwan sama."

"Wanka ba ya ƙara gudu," in ji Ƙazami, ko a jikinsa.

Mai Sawu ya goge hannun birkin babur ɗin Ƙazami da bakin riga. Ga ɗigo uku, masu kaifi, suna kama yatsa. Ya ƙwanƙwasa da ƙusa, ya ji ƙil. Ya bi sauran babura masu datti guda shida, duk aikin Ɗigo Uku ne, duk lafiyayyu. Ya dawo wurin masu huɗun nan.

"Ku kam kuna son tsafta. A ina kuke wanki?"

"Wurin Ciyaman mana. Dogo ma can yake kaiwa, duk bayan kwana biyu."

"Kuna tsayawa a yi a gabanku?"

"Ina! Mu ajiye mu je cin abinci, mu dawo mu tarar yana walƙiya. Ba ya son a tsaya masa a ka, wai ruwa zai ɓata mana kaya."

"Kwance hannun birki a ɗaura wani, minti nawa ne?"

"Noti ɗaya ne, Baba, sai waya. Kafin ka shanye shayin nan an gama."

Tsoho ya shanye shayinsa, ya miƙe.

*

Bai shiga wurin wankin ba. Ya zagaya ta baya ya bi kwatar da ruwan ke gangarowa, yana tafe yana tona bakinta da sanda. Taku arba'in sai ga baƙar ƙasa ta taru a wani lungu. Ya murza, ya shinshina, warin nan ne dai na man inji. A ciki ya tsinci ɗige-ɗigen dalma guda uku da suka daskare, kamar kashin awaki. Sawun ya bi ta ƙarƙashin wani shingen kwano ya shige ɗakin ajiyar da ke bayan wurin wankin, wanda aka garƙame da kwaɗo.

Ya samo inda aka haifi 'ya'ya. Amma Ciyaman zai iya cewa wani ne ya shiga ɗakin ba da saninsa ba. Uwar ake nema.

Yana fitowa bakin titi sai ga Ciyaman ɗin a kan babur ɗinsa, ja, mai madubi huɗu. Ya rage gudu don ya yi wa tsoho izgili.

"Baba, har yanzu ana bin sawun? Gobe ne fa wa'adi. Ka ce wa surukinka ya fara ɗaure kaya."

Ya matse birki ya tsaya. A daidai lokacin Mai Sawu ya ji wata 'yar ƙara, ƙas, ta ƙarfe a kan ƙarfe. Ya dubi hannun, ya dubi zoben, ya dubi inda zoben ya kwanta.

"Allah ya kai mu goben, ranka ya daɗe," ya ce, har da ɗan rusunawa.

Ranar kwano biyu ya cinye, ya kuma aika wa 'yarsa cewa kada ta ɗaure ko tsintsiya.

*

Ranar wa'adi da la'asar tasha ta cika maƙil. Mai Kwali ya zo da hularsa a danne, mai tukwane ya zo da akwatin zubinsa, yayan Dogo ya turo Dogo a keken asibiti, ƙafa a naɗe. Ɗigo Uku na tsaye gefe kamar wanda aka yi wa mutuwa, matarsa na bayan taro. Ciyaman ya zauna a teburinsa ya ƙwanƙwasa zobe.

"Tsoho ya roƙi minti goma. Don furfurarsa muka ba shi."

Mai Sawu ya jera hannayen birkin biyar, ya jera tarkacen bakanike kusa da su, ya ce kowa ya zo ya shafa. Suka shafa. Ya nuna musu yadda ɗigon gaske ke bambanta, da yadda na biyar ɗin nan suka zo iri ɗaya sak. Mai tukwane ya danna ludayi a ƙasa a gabansu, ya yi musu bayanin uwa da 'ya'ya. Aka fara gunaguni.

"Wannan ai bai wanke shi ba," in ji Ciyaman. "Shi ya buga wa uwar ɗigo, shi ke da baƙin mai. Shi ya zuba abinsa."

"Ni ma na yi wannan tunanin, har ya hana ni cin abinci," in ji tsoho. "Sai Ƙazami ya cece ni. Ƙazami, Allah ya yi maka albarka, kada ka taɓa yin wanki."

Aka yi dariya, amma da ya faɗi abin da ya gani, cewa duk babur ɗin da aka cuta mai zuwa wanki ne, duk wanda ba ya zuwa kuma kayansa lafiya lau, sai dariyar ta tsaya cak. Ya kwance ƙullin baƙar ƙasa da ɗigon dalma ya zube a tebur, ya faɗi inda ya samo su.

Ciyaman ya miƙe, jijiyar wuyansa ta tashi. "Ni za ka yi wa ƙazafi? Kwata ai ta kowa ce! Ni da na hana a ƙone masa rumfa?"

"Ka hana, ka kuma hana a kai ga hukuma, don su in sun zo ba rumfa ɗaya za su buɗe ba. Zauna, ranka ya daɗe, saura kaɗan." Ya ɗaga hannun birki ɗaya sama. "Kun ga kwarmin nan? Ba faɗuwa ce ta yi shi ba, ba kuma goge shi aka yi da magagari ba. Sawu ne. Abu ne mai tauri da ya yi shekaru yana taka wuri ɗaya, sau ɗari a rana. Uwar 'ya'yan nan tana da shi, kuma tana cikin tashar nan. Mai Kwali, ɗauki sifana ka kwance min na jan babur ɗin can."

Ciyaman ya yunƙura zai tare, yayan Dogo ya dafa kafaɗarsa ya mayar da shi kujera. Minti biyu ba a yi ba aka kawo. Mai Kwali ya jefa shi a siminti, ya yi ƙil, ƙarfen kamfani ne na gaske. Ga ɗigo uku masu kaifi, na ukun ya ɗan zame ƙasa. Ga kwarmi a tsakiya, yana sheƙi.

Mai tukwane ya danna shi a ƙasa mai danshi, ya zare a hankali. Mai Sawu ya ɗauki na bogi ya kwantar a cikin sawun. Ya zauna daram, ɗigo a kan ɗigo, kwarmi a kan kwarmi, sai ɗan rata kamar kaurin farce a ƙarshensa. Ya cire ya sa na biyu, ya sa na uku. Su ma daram suka zauna.

"Saura abu ɗaya. Ciyaman, kama nan yadda kake kamawa in za ka tsaya."

"Ba zan kama ba!"

Ƙazami ne da kansa ya kamo hannun, ya ɗora shi a kan ƙarfen, ya matse yatsun. Zoben ya faɗa cikin kwarmin, ƙas, kamar don shi aka yanka wurin.

Kai, jama'a! Tasha ta ɗauki ihu. Wasu suka ruga suka ɓalle kwaɗon ɗakin ajiya, suka dawo da akwatin zubi, da tukunyar narka gwangwani, da buhu ɗauke da hannayen birki na gaske guda goma sha ɗaya da Ciyaman bai kai ga fitar da su wani gari ya sayar ba. Ashe ba biyar kaɗai ya cuta ba, akwai waɗanda ke can bisa titi da mutuwa a hannun damansu, nan take aka bazama kiransu a waya.

Dogo ya sa aka turo shi har gaban teburin. Ya dubi Ciyaman ido cikin ido.

"Ciyaman, ka zaɓi naka ka danna don yana da ɗigo, kada mu gane an canja. Na ji wannan. Amma me ya sa da ka gama ka mayar da shi jikin babur ɗinka? Da ka jefar da shi ai da ba a kama ka ba."

Ciyaman ya sunkuyar da kai. Mai Sawu ne ya amsa.

"Wanzami ai ba ya son jarfa, ɗana. Ya san abin da ya zuba. Ƙafarka ya yarda ya ɗora a kai, ba tasa ba."

Wannan karon ba wanda ya ce a gama a cikin gida. Yayan Dogo da Ƙazami suka sa Ciyaman a tsakiya, aka ɗauki buhu da akwati, aka nufi wurin hukuma.

*

Taron bai watse ba, sai ya juya ya nufi rumfa. Mai galan ɗin fetur na ranar farko shi ya fara durƙusawa. Dogo ya kama hannun bakanike ya riƙe gam. Matar Ɗigo Uku kuwa ta rangaɗa guɗa, tana kuka tana dariya, ba ta damu da wa ke kallonta ba.

Mai Kwali ya kawo sababbin hannayen birki, babura suka yi layi har bakin titi. Bakanike ya ɗaura na farko, ya ɗaure noti, ya ce an gama.

"Ina ɗigona?" in ji mai babur ɗin. "Wallahi ba zan hau ba sai da shi."

Ɗigo Uku ya dubi wajen kwata, inda ya yar da ƙusarsa. Sai ya ji an taɓa kafaɗarsa. Surukinsa ne, ya miƙo masa doguwar ƙusar nan mai sheƙi.

"Na tsinta a ƙasa. Ba a yar da abin da ya yi wa mutum shaida."

Guduma ta sauka sau uku, duk tashar suna ƙirgawa da ƙarfi.

Da rana ta yi sanyi tsoho ya ɗauki sandarsa zai kama hanya, gwiwoyin nan kuwa sun yi kwana uku suna yawo, sai ƙara suke yi. Bakanike ya turo babur ɗinsa ya tsaya gabansa, kai a sunkuye.

"Baba, don Allah, yau ɗaya."

'Yarsa ta toshe baki tana dariya. 'Yan tasha suka zuba ido suna jiran su ji rantsuwar nan tasa ta cewa ba zai hau babur ba. Mai Sawu ya zagaya babur ɗin sau ɗaya yana harararsa. Ya kai babban yatsa gindin hannun birki, ya shafa, ya ji ramuka uku sun kama fatarsa. Ya tattare riga, ya ɗaga ƙafa da ƙyar, ya haye, ya ƙanƙame surukinsa da hannu biyu, kunya ta tafi hutu.

"Ja mu je," ya ce. "Amma ka bi a hankali, ina so in riƙa ganin ƙasa."